Daga Kasuwar Katako zuwa ajin zane: Abin da ɗalibin Jami'ar Jos zai sani kafin ya tsara shafin intanet

A Kasuwar Katako da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, kusan komai da ma'auninsa. Mai sayar da katako ya san kaurin tu-bai-fo da tsawonsa ko da an rufe masa ido. Mai hatsi yana da mudu da buhu, ɗan gwanjo kuma da dila yake lissafi. Haka ma mai rubuta allon shago: a faɗa masa faɗin allo da tsawonsa, ya ja layi da alli, ya raba haruffa, ya shafa fenti. Abin da ya rubuta yau shi kowa zai gani gobe, har ranar da ruwan Jos da hazonsa suka kankare fentin.

Tafiyar 'yan mintoci a Keke Napep daga kasuwar, Jami'ar Jos tana horar da wasu masu aiki da ma'auni irin wannan. Su ne ɗaliban sashen zane-zane da ƙere-ƙeren hannu, masu koyon zanen fenti da sassaƙa da ginin tukwane da zanen yadi da kuma zanen talla da ɗab'i. Tun daga shekarar farko ake saba wa ɗalibin zane da cewa takarda gefe huɗu gare ta, kuma duk abin da ke tsakanin gefen nan huɗu yana ƙarƙashin ikonsa. Shi ke cewa ja ya tsaya nan, fari ya tsaya can, kuma ba wanda zai motsa su bayan ya ajiye buroshi.

Shafin intanet bai san wannan doka ba. Shafi ɗaya ne, amma wani zai buɗe shi a babbar kwamfutar ofis a Abuja, wani a wayar itel mai tsagaggen gilashi a ƙarƙashin rumfar kwano da tsakar rana, wani kuma makaho ne, manhaja ce za ta karanta masa da murya. Mai zane bai san faɗin fuskar wayar da za a duba aikinsa a kai ba, bai san haskenta ba, bai ma da tabbacin cewa samfurin haruffan da ya zaɓa zai bayyana. A nan ne wahalar koya wa ɗalibin zane tsara shafin intanet take. Rubuta umarnin kwamfuta abu ne da ake koya cikin makonni kaɗan. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne raba mutum da ikon da aka shekara uku ana ce masa nasa ne.

Dalilin da maganar ta taso yanzu

A watan Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon kundin manhajar karatu, wanda ya tanadi kashi 70 cikin 100 na darussa a matsayin na bai-ɗaya, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Wannan kashi 30 shi ne filin da darasi irin na tsara shafin intanet zai iya samun mazauni na dindindin a sassan zane-zane, maimakon ya zama abin da ɗalibi ke tsinta da kansa a YouTube lokacin hutu ko lokacin yajin aiki.

Kasuwar aiki kuwa ba ta jira jami'a ba. A Jos ɗin nan aka kafa cibiyar nHub a 2015, inda matasa ke koyon rubuta manhaja. A 2023 gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT na horar da 'yan Najeriya miliyan 3 a fannonin fasahar zamani, kuma tsara fuskar manhaja yana cikin fannonin. Ma'ana, wanda ya kammala digirin zane yau zai tarar da matashin da ya yi horon wata uku yana neman aiki ɗaya da shi. Hanyar da aka saba bi, wato shagon ɗab'i inda ake zama gaban CorelDRAW ana haɗa katin ɗaurin aure da kalandar biki da fastar 'yan siyasa, tana nan, amma cike take, kuma kasuwarta tana tashi ne lokacin zaɓe ta kwanta bayansa.

Abin da ɗalibin zane ya fi wancan matashi da shi ba ƙarami ba ne. Ya shekara yana horar da idonsa a kan launi da tazara da daidaito, ya san inda ido ke fara sauka a kan takarda da inda yake bi daga nan. Sai dai wannan ilimi ba ya ƙetarawa zuwa intanet da kansa. Sai an gina masa gada.

Rumbun da aka fara tunaninsa a Jos

Duk malamin da aka ce ya koyar da wannan darasi a jami'ar gwamnati, ƙorafinsa na farko sananne ne: ina wuta, ina intanet, ina kwamfutoci? Ƙorafi ne na gaskiya. Amma Jami'ar Jos, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971 kafin ta tsaya da ƙafarta a 1975, tana da tarihin da ya kamata ya rage wa wannan ƙorafi ƙarfi.

A ƙarshen shekarun 1990 wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya zo jami'ar a ƙarƙashin shirin Fulbright domin koyar da fasahar kwamfuta. Ya tarar da cewa intanet, in ma an same ta, tafiyar hawainiya take yi, ga tsada. Da ya koma Jami'ar Iowa, sai aka kafa shirin WiderNet a 2000, kuma daga cikinsa aka samar da abin da aka sa wa suna eGranary, wato rumbun lantarki. Dabarar mai sauƙi ce: a nemi izinin masu shafuka, a kwafi shafukan da littattafai da mujallu a zuba su cikin ma'ajiyar kwamfuta guda, a ajiye ta a harabar makaranta. Ɗalibi ya buɗe burauza ya yi bincike kamar yana kan intanet, alhali bai taɓa layin waje ba. Daga baya rumbun ya bazu zuwa makarantu da asibitoci da gidajen gyaran hali a ƙasashe da dama. Sunan ma ya dace da garin da ke da kasuwar hatsi irin ta Katako: a tara lokacin da ake da shi, a ɗiba lokacin da babu.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ga malamin zane shi ne cewa shafin intanet, a asalinsa, fayil ne na rubutu kawai. Ana iya buɗe Notepad a tsohuwar kwamfuta, a rubuta layi goma, a ajiye da sunan index.html, a danna shi sau biyu, burauza ta buɗe shi ba tare da an ƙona ko kilobayit ɗaya na data ba. Makonni shida na farko na darasin ba sa buƙatar intanet ko kaɗan. Abin da suke buƙata shi ne kwamfuta mai batir da malamin da ya yarda ya fara daga tushe.

Ƙashin kujera kafin yadi

Kafintocin Katako suna da tsarin aikin da ya fi kowane littafi bayyana yadda ake gina shafi. Kafinta yakan fara da ƙashin kujera: ƙafafu, mazauni, majingina, ya tabbatar ta tsaya ba ta rawa. Bayan nan ne ake zuwa ga soso da yadi da fenti. Wanda ya fara da yadi mai sheƙi a kan ƙashin da bai ƙullu ba, wata uku kujerar za ta yi.

A intanet, ƙashin shi ne HTML, harshen da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba, inda ya gabatar da shawararsa a 1989, shafin farko kuma ya fito wa duniya a 1991. HTML ba ya cewa komai game da kyau. Aikinsa shi ne ya ce wannan babban take ne, wannan sakin layi ne, wannan jeri ne, wannan hoto ne, wannan kuma mahaɗi ne zuwa wani shafi. Yadi da fenti su ne CSS, wanda Håkon Wium Lie ɗan ƙasar Norwe ya ba da shawararsa a 1994, aka amince da shi a 1996. Shi ke faɗin launi da girman haruffa da tazara. Na uku, JavaScript, shi ne makulli da hinji, abin da ke sa shafi ya motsa in an taɓa shi, kuma a darasin farko ana iya jingine shi gefe ba tare da an yi asarar komai ba.

Ɗalibin zane, bisa ɗabi'arsa, yadi yake so ya fara taɓawa. Zai so ya buɗe Figma ko Canva ya zana shafi mai kyau kamar fasta, sannan ya nemi hanyar mayar da shi intanet. Malamin da ya san aikinsa yakan juya tsarin. Makon farko babu launi, babu hoto, babu zaɓen haruffa. A ba ɗalibi bayanan wani shago, ya yanke shawara: mene ne mai shigowa yake buƙatar ya fara gani? Sunan shago ne, ko abin da ake sayarwa, ko farashi, ko lambar waya? Shafin da zai fito baƙin rubutu ne a kan fari, mummuna a idon mai zane. Amma in an karanta shi daga sama zuwa ƙasa aka fahimci komai, to kujera ta tsaya.

Akwai masu cewa wannan ɓata lokaci ne, tunda WordPress, wanda aka fara a 2003 kuma yau yake ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, yana ba da ƙirar shafi a shirye, ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta umarnin shafi cikin daƙiƙa kaɗan tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022. Gaskiya ne, kuma ɗalibi zai yi amfani da su in ya fita. To amma zanen aro ba ya rufe katara. Ƙirar da aka yi wa shagon gahawa a Landan, in an ɗora mata hoton buhun acca, sai an yanke nan an ƙara can, kuma wanda bai san ƙashi ba bai san inda zai yanke ba. Manhaja za ta ba shi shafi goma cikin minti ɗaya, ba za ta gaya masa wanne ne zai buɗe a wayar mai sayen katako ba.

Takardar da ba ta da gefe

A 2000 wani mai tsara shafuka ɗan Ostireliya, John Allsopp, ya rubuta wata maƙala da ta yi tasiri, inda ya ja hankalin abokan sana'arsa cewa su daina ɗaukar intanet a matsayin takardar ɗab'i, su karɓi sauye-sauyenta a matsayin ɗabi'arta. Shekara goma bayan haka, a 2010, Ethan Marcotte ya fito da tsarin da ya zama ƙa'ida yau: shafi ɗaya ya riƙa daidaita kansa da faɗin kowace fuska. A kwamfuta hotuna uku su jeru kafaɗa da kafaɗa, a waya su bi juna sama da ƙasa. Maimakon mai zane ya ce hoton nan santimita goma ne, sai ya ce ya ci rabin duk filin da ya samu.

A Najeriya wannan ya wuce ƙa'idar aji, domin akasarin masu shiga intanet da waya suke shiga, kuma wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a su ne Tecno da Infinix da itel, dukkansu na kamfanin Transsion na ƙasar Sin. Faɗin da burauza ke gani a yawancin irin waɗannan wayoyi bai wuce fiksel 360 zuwa 400 ba. Wasu kuma da Opera Mini suke shiga, wadda ke matse shafi domin rage cin data, ta watsar da wasu kayan ƙawa a hanya. Saboda haka aikin da aka duba a kwamfutar malami kawai aka ba shi maki, ba a duba shi ba tukuna. Wayar da ta fi kowace araha a ajin ita ce alƙali.

Batun nauyi ma haka. Hoton da aka ɗauka da wayar zamani kan kai megabayit 3 zuwa 5. Ɗalibin da ya zuba hotunan gadaje goma a shafin kafinta yadda suka fito daga waya ya ɗora wa kowane mai shigowa kusan megabayit 40. Gigabayit ɗaya na data zai ƙare a shiga 25. Bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan lissafi ya daina zama na masana kawai. Mai shigowa ba zai jira ba, zai fita. Hoton nan kuwa ana iya rage shi zuwa kilobayit 150 ba tare da ido ya ga bambanci a fuskar waya ba. Ga wanda aka horar da cewa kada ya taɓa rage ingancin hoto, wannan magani ne mai ɗaci, amma dole ya sha.

Launi shi ma yana da nasa tarko. Fenti da tawadar ɗab'i suna aiki da hasken da ya faɗo musu, fuskar waya kuwa ita ke fitar da haskenta, ta haɗa ja da kore da shuɗi. Ruwan toka mai laushi a kan fari, wanda ke burge mai zane a ɗaki, ɓacewa yake yi a rana. Ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman shiga intanet, waɗanda aka sabunta a 2008, sun sa ma'auni: bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Baƙi a kan fari 21 bisa 1 ne. Ƙa'idojin sun kuma buƙaci kowane hoto ya zo da gajeren bayani a rubuce, wanda manhaja za ta karanta wa makaho. A jihar da aka kafa makarantar makafi ta Gindiri tun 1953, kuma a ƙasar da aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a Janairun 2019, bai kamata wannan ya zama darasin makon ƙarshe da ake tsallakewa in zango ya ƙure ba. Yana ma da wani amfani da ba a zata ba: ɗalibin da aka tilasta masa ya bayyana hotonsa a jimla ɗaya yakan gano cewa wasu hotunan ba su da abin da suke faɗa.

Ƙafar tebur da kafar tebur

Akwai wata matsala da littattafan koyarwa na Turai da Amurka ba sa ambatawa, domin ba ta shafe su ba, amma ta shafi duk wanda zai tsara shafi da Hausa. Ita ce ta haruffa masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar. Da yawa daga cikin samfuran haruffan da masu zane ke ƙauna ba su da su. In burauza ta neme su ta rasa, ko dai ta aro su daga wani samfuri, sai ka ga ƙ ta fi 'yan'uwanta tsawo ko siranta kamar baƙuwa a gidan biki, ko kuma ta ajiye ɗan akwati fanko a gurbinta.

Mafita mafi sauƙi, wadda da yawa ke bi, ita ce a watsar da ƙugiyar. To amma ƙafar tebur daban, kafar tebur daban: ɗaya abin tsayawa ce, ɗaya rami. Baƙin yadi ba bakin yadi ba ne. Fada wuri ne na sarki, faɗa kuwa ana raba shi. Mai karatu yakan gane daga ma'anar jimla, amma ganewar tana cin sa ɗan lokaci, kuma aikin mai tsara shafi kenan ya hana wannan tuntuɓe.

Wannan gwagwarmaya tsohuwa ce.  A tsakiyar shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta yi aikin samar da samfurin haruffa guda da zai ɗauki harsunan Najeriya, har da taimakon shahararren mai zana haruffa ɗan Jamus, Hermann Zapf. Yau abin ya yi sauƙi: tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa, kuma akwai samfura na kyauta da ke ɗauke da ƙugiyoyin, irin su Noto na Google da Andika da Charis na ƙungiyar SIL. Abin da ya rage shi ne a koya wa ɗalibi ya gwada kafin ya zaɓa. Ya rubuta jimla mai ɗauke da Ɓ da Ɗ da Ƙ manya da ƙanana, ya duba ta a siriri da mai kauri. Ya sa layin da ke shaida wa burauza cewa harshen shafin Hausa ne. Ya kuma tuna cewa kalmar Turanci mai harafi huɗu a kan maɓalli takan zama kalma biyu ko uku a Hausa, don haka maɓallin da aka yanka daidai wa daida zai fashe.

A Jos kuwa zancen bai tsaya kan Hausa ba. Gari ne na Birom da Afizere da Anaguta, da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa da wasu da dama, kuma a kasuwa irin ta Katako duk ana cuɗanya, Hausa na zama harshen ciniki. Ibo da Yarabanci suna da ɗigo a ƙarƙashin wasu haruffa, ajami kuma daga dama yake tafiya zuwa hagu, abin da umarni guda ke daidaitawa in an san shi. Ɗalibin da ya fita daga wannan aji yana iya tsara shafi mai harshe biyu ko uku ba tare da harafi ɗaya ya karye ba ya riƙe sana'ar da ba kowa ke da ita ba a Legas ma.

Dagi ba ado ba ne kawai

Tambayar ko shafin ɗan Arewa ya kamata ya yi kama da na ɗan Kalifoniya ita ma ba sabuwa ba ce. A 1958 wasu ɗaliban zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar da ake tunawa da ita har yau. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Matsayarsu ita ce a karɓi dabarun da Turawa suka kawo, a haɗa su da gadon gida, kada a bar ɗaya ya haɗiye ɗaya.

Ɗalibin Jos yana da wannan gado a bakin ƙofarsa. Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana ɗauke da sassaƙen Nok da tarin tukwane, kuma a harabarsa akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya, mai ɗauke da kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. Sai dai akwai hanya mai arha ta amfani da gado, wadda ta cika fastoci: a ɗauko dagi a manna a kusurwa, a ce an yi na gida. Abin da ya fi amfani ga mai tsara shafi shi ne tsarin da ke ƙarƙashin adon. Mai ɗinkin babbar riga ya san inda zai tara aska takwas da inda zai bar yadi ya huta. Masaƙin tabarma yana maimaita gida ɗaya sau ɗari ya ba da fasali, kuma da irin wannan jeren gidaje ake shimfiɗa shafi. Marubutan allo da na littattafan hannu sun daɗe suna rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, domin ido ya bambance su nan take. Wannan shi ne ainihin abin da ake nufi da fifita bayani da launi, kuma an yi shi a ƙasar Hausa ɗaruruwan shekaru kafin a san fiksel.

Ko Katako na buƙatar shafi?

Aikin ƙarshe na irin wannan darasi yakan kasance ɗalibi ya gina shafin da zai baje kolin zane-zanensa. Yana da amfani, musamman a jami'ar da ta ga gobara ta cinye ɗakin karatunta na harabar Naraguta a Oktoban 2016, ta san takarda ba ta da tabbas. Amma shafin kai ba ya koya wa mutum sauraro, domin mai zane da mai aiki duk mutum ɗaya ne. Aikin da ya fi horarwa shi ne a tura ɗalibi wurin wanda bai damu da kyan zane ba, damuwarsa kawai a kira shi a saya.

A nan dole a faɗi gaskiya: yawancin 'yan kasuwar Katako da ke tallata kaya ta waya WhatsApp da Facebook da TikTok suke amfani da su, kuma suna biya musu buƙata. Ɗan gwanjon da ke ɗora sababbin kaya a kan matsayinsa na WhatsApp duk safiya ba ya buƙatar shafi mai sassa bakwai. Sai dai rumfar haya ce. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A Najeriya an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Asusun mutum ma ana iya sace shi ko a rufe shi dare ɗaya, mabiyansa su tafi da shi. Shafi ɗaya tak, mai ɗauke da suna da irin kaya da kwatancen rumfa da maɓallin da zai kai mutum WhatsApp kai-tsaye, ya ishi yawancinsu. Gane cewa shafi ɗaya ya isa, da jure wa sha'awar ƙara na biyu, yana cikin abin da ake ba ɗalibi maki a kai.

Akwai kuma wani dalili da ya keɓanta da Jos. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwannin garin bisa addini, kuma Katako tana cikin kasuwannin da wuta ta ci a Nuwamban 2008. Kasuwa ta farfaɗo, amma har yanzu akwai mazauna garin da ke tunani sau biyu kafin su shiga wasu unguwanni, ta kowane ɓangare. Shafin da zai nuna wa mai gini a Rayfield ko Bukuru irin katakon da ke akwai da farashinsa kafin ya tashi daga gida yana rage masa dalilin fasa zuwa. Ɗalibin da aka tura ya zauna a benci gaban mai shagon da ba addininsu ɗaya ba, yana tambayarsa yadda masu saye ke kiran kowane irin katako, shi ma ya ƙetare wani layi da ajin zane ba ya sa shi ƙetarawa.

Inda irin waɗannan ayyuka suka fi mutuwa shi ne bayan an ba da maki. Sunan shafi mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsa, haya ne da ake sabuntawa duk shekara. Akwai wuraren ajiye ƙaramin shafi kyauta, irin su GitHub Pages, amma sai da wanda ya san yadda ake shiga. Ɗalibi zai kammala, ya tafi hidimar ƙasa a wata jiha da kalmar sirri a kansa, farashin buhun masara kuma ya canza sau biyar shafin na nan da na bara. Shafin da ke ɗauke da tsohon farashi ya fi rashin shafi cutar da ɗan kasuwa, domin mai saye zai zo da rigima a baki.

Saboda haka miƙa aiki yana cikin darasin. A yi rajistar sunan da sunan mai shago da lambar wayarsa. A rubuta masa takarda guda da Hausa, mai bayanin inda ake taɓawa a canza farashi da ranar da haya za ta ƙare. Makin ƙarshe kuma a riƙe shi sai yaron shagon ya ɗauki wayarsa, ɗalibi na tsaye hannu a baya, ya canza farashin da kansa.